Tabon Horo A Kan Takardar Sakamakon Karatu: Muhawarar Da Ta Raba Jami'o'in Amurka

A cikin shekarar 2015, jihohi biyu na ƙasar Amurka, watau Bajiniya da Niyok, suka kafa dokokin da suka tilasta wa jami'o'i da kwalejojin da ke cikinsu su riƙa rubutawa a kan takardar sakamakon karatun ɗalibi cewa an dakatar da shi ko kuwa an kore shi, muddin dai horon ya biyo bayan wani babban laifi ne. Jihar Teksas ta bi sahu a cikin 2019 da tata dokar, wadda ta sha bamban da na farkon a wani muhimmin wuri. Galibin sauran jihohin ƙasar sun bar wa kowace jami'a ta yi abin da ta ga ya dace, kuma har yanzu Gwamnatin Tarayya ba ta da wata doka a kan batun. Saboda haka ɗalibai biyu da suka aikata laifi iri ɗaya suna iya barin makarantunsu, ɗaya da tabo a takardarsa, ɗayan kuwa da takarda fara fat.

Takardar da ake magana a kanta ita ce wadda ofishin rajistara ke ajiyewa, mai ɗauke da jerin darussan da ɗalibi ya ɗauka tun daga shigarsa, da makin da ya samu a kowane darasi. Ita ce jami'a ke aika wa wata jami'ar in ɗalibi zai sauya makaranta ko zai nemi digiri na biyu, ita ce kuma wasu ma'aikatu da hukumomin ba da lasisin sana'a ke nema kafin su karɓi mutum. A ƙasar da ke da manyan makarantu kusan 4,000, inda kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai kan sauya makaranta kafin su gama, abin da aka rubuta a wannan takarda da abin da aka bari ba a rubuta ba duk suna da nauyi ƙwarai.

Yadda Aka Faro

Tun da daɗewa jami'o'i da yawa na Amurka suna rubuta wa ɗalibi a takardarsa in an sallame shi saboda faɗuwa jarrabawa. Amma horon rashin ɗa'a akan ajiye shi a wani fayil dabam a ofishin kula da al'amuran ɗalibai. Ƙungiyar rajistarorin jami'o'in ƙasar, wadda ake kira AACRAO a taƙaice, ta shafe shekaru tun daga tsakiyar shekarun 1990 tana ba membobinta shawarar kada su haɗa biyun, bisa ga hujjar cewa takardar sakamako ta karatu ce kurum. Dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974 ba ta hana wata makaranta sanar da makarantar da ɗalibi yake neman shiga abin da ke cikin fayil ɗinsa ba, sai dai kuma ba ta tilasta mata ba. Abin da ya saura ke nan shi ne sabuwar makarantar ta tambaya, tsohuwar kuma ta ga damar amsawa, kuma sau da yawa ba a yin ko ɗaya.

Abin da ya tayar da maganar a Bajiniya kisan kai ne. A cikin watan Satumba na 2014 wata ɗalibar Jami'ar Bajiniya 'yar shekara 18 ta ɓace a garin Charlottesville, aka tsinci gawarta bayan makonni. Mutumin da aka kama, Jesse Matthew, ya amsa laifinsa a gaban kotu a cikin 2016, ya kuma amsa cewa shi ne ya kashe wata ɗalibar a cikin 2009, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Da aka bi diddigin rayuwarsa sai aka tarar cewa a cikin 2002 an zarge shi da fyaɗe sa'ad da yake karatu a Jami'ar Liberty, ya bar makarantar, ya koma Jami'ar Christopher Newport a farkon 2003, inda nan ma aka sake yi masa irin wannan zargi kafin shekarar ta ƙare, ya sake tafiya. Ba a gurfanar da shi gaban kotu a kan ko ɗaya daga cikin zarge-zargen biyu ba. 'Yan Majalisar Dokokin jihar suka ce da makaranta ta biyu ta ga wani gargaɗi a takardarsa, da wataƙila ba ta buɗe masa ƙofa ba, Gwamna Terry McAuliffe kuwa ya sa wa dokar hannu.

Abin Da Dokokin Suka Ce

Dokar Bajiniya ta taƙaita ne ga laifuffukan fyaɗe da makamantansu. Ta umarci rajistara ya rubuta a wurin da ido zai gani cewa an dakatar da ɗalibi, ko an kore shi, ko kuwa ya janye daga makaranta alhali ana cikin bincikensa. Ta kuma ce a goge rubutun in daga baya an tabbatar ɗalibin bai aikata ba, ko kuwa in ya cika wa'adin dakatarwar makaranta ta sake karɓarsa.

Dokar Niyok, wadda Gwamna Andrew Cuomo ya sa wa hannu a watan Yuli na 2015, ta fi faɗi. Ta haɗa da dukkan laifuffukan ƙarfi da ke cikin jerin waɗanda dokar Clery ta 1990 ta wajabta wa jami'o'i su riƙa ba da ƙididdigarsu, kamar kisa da fashi da mummunan duka da fyaɗe. Wanda aka dakatar yana iya roƙon a goge masa rubutun, amma sai bayan shekara guda da ƙarewar dakatarwar. Wanda aka kora kuwa rubutunsa na dindindin ne, sai fa in an soke hukuncin baki ɗaya. Kamar ta Bajiniya, ita ma ta ce a rubuta wa wanda ya janye yana da tuhuma a kansa.

Dokar Teksas ba ta lissafa laifuffuka ba. Ta ce duk ɗalibin da aka hana shi komawa makarantarsa bisa ga wani dalili da ba na karatu ba ne, ba kuma na kuɗi ba, to a nuna haka a takardarsa. Sa'an nan ta ƙara wani sharaɗi: in ɗalibi ya janye ana cikin shari'arsa, ba a yarda jami'a ta rufe fayil ba, tilas ta ci gaba har ta kai ga hukunci.

A Majalisar Wakilai ta Tarayya, Jackie Speier ta Jihar Kalifoniya ta gabatar da shirin doka a ƙarshen 2016 wanda zai sa a yi irin wannan rubutu a ko'ina cikin ƙasar, ya zauna shekara biyar sa'an nan a goge. Shirin bai zama doka ba. Ita kuwa ƙungiyar rajistarori ta sassauta matsayinta, har a cikin 2017 ta fitar da jagora inda ta ce nauyi ne a kan makaranta ta sanar da wadda ɗalibi zai koma in an raba shi da karatu saboda babban laifi, ko ta hanyar rubutu a takardar sakamako, ko ta wata wasiƙa dabam.

Hujjar Masu Goyon Baya

Masu goyon bayan rubutun suna da hujjar da ke da wuyar turewa. Suna tambaya: wane irin adalci ne a ce ɗalibin da ya kasa cin lissafi an rubuta masa an sallame shi, wanda kuwa aka samu da laifin fyaɗe ko soka wa ɗan'uwansa wuƙa ya fita ba ko ɗigo a takardarsa? Har wa yau suna cewa jami'ar da ta kori mutum domin ta ga yana da haɗari ga ɗalibanta, sa'an nan ta yi shiru ta bar shi ya shiga ɗakin kwanan ɗaliban wata jami'ar, ba ta kawar da haɗarin ba, ta dai tura shi gidan maƙwabci ne. An kuma sha zargin wasu makarantu da yin ciniki a ɓoye, watau su ce wa wanda ake tuhuma ya tafi salin-alin su kuma su rufe bakinsu, domin gudun ƙara a kotu da ɓacin suna. Dokar da ta tilasta rubutu tana toshe wannan kafa.

Ya kamata dai a san iyakar abin da rubutun ke iya yi. A batun da ya haifi dokar Bajiniya, sa'ad da aka yi kisan 2009 da na 2014 mai laifin ya riga ya daɗe da barin karatu. Gargaɗi a takardar sakamako zai iya hana shi shiga jami'a ta biyu ne kawai a cikin 2003. Abin da ya biyo baya kuwa aikin 'yan sanda ne da kotuna, ba abin da rajistara zai iya tarewa.

Hujjar Masu Adawa

Babbar damuwar masu adawa ita ce kwamitin horon jami'a ba kotu ba ne. Malamai ne da ma'aikatan ofis, wani lokaci da wakilan ɗalibai, waɗanda ba su da ikon tilasta wa shaida ya zo, kuma ba lalle ne sun san ƙa'idojin karɓar shaida ba. Kotu ba ta ɗaure mutum sai da hujjar da ba ta bar kafar shakka ba. Amma a cikin 2011 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, bisa ga Babi na Tara na dokar ilmi ta 1972 wanda ya hana nuna bambanci tsakanin maza da mata, ta umarci jami'o'i su riƙa yanke hukunci a ƙararrakin fyaɗe da rinjayen hujja kawai, watau in zargin ya fi kusa da gaskiya ko da kaɗan ne. An janye wannan umarni a cikin 2017. A cikin 2020 aka kafa sababbin ƙa'idoji da suka wajabta zaman sauraro inda wakilin kowane ɓangare zai yi wa ɗayan da shaidunsa tambayoyi. Gwamnatin Biden ta sassauta su a cikin 2024, wata kotun tarayya a Jihar Kentucky ta soke nata a watan Janairu na 2025, aka koma kan na 2020. Ma'anar wannan ita ce, kalmomi iri ɗaya ne a kan takardar wanda aka kora a 2016 da ta wanda aka kora a 2022, alhali kuwa ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Abu na biyu shi ne rubutun ba ya faɗin laifin. A Bajiniya da Niyok, abin da mai karatu zai gani shi ne an kori ɗalibi saboda karya dokar makaranta. Jami'in da ke tace ɗaruruwan takardun masu neman shiga ba shi da lokacin bincike, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ɗauka mafi munin laifi ne, ya ture takardar gefe. Ta haka dakatarwar zango guda takan rikiɗe ta zama korar har abada daga ilmi mai zurfi, hukuncin da babu kwamitin da ya zauna ya yanke shi.

Abin mamaki, wasu daga cikin masu kare waɗanda aka zalunta su ma ba su yi na'am da dokar tilas ba. Dalilinsu kuwa shi ne yawancin irin wannan ta'asa tsakanin waɗanda suka san juna take aukuwa, kuma wadda aka cuta tana iya fasa kai ƙara in ta san cewa ƙarar za ta bi mutumin har ƙarshen rayuwarsa, ko ta ji tsoron ramuwar gayya. Kazalika kwamitin da ya san nauyin tabon yana iya jin nauyin samun mutum da laifi, ko ya sauko da horon ƙasa da dakatarwa don kada a kai ga rubutu.

Akwai kuma batun launin fata. Hukumar Common App, wadda ke tafiyar da fom ɗin neman shiga ɗaruruwan jami'o'i, ta cire tambayar da ke cewa ko an taɓa horon mai nema a makarantar sakandare, tun daga zangon 2021, bayan ta gano cewa baƙaƙen fata da ke amsa e sun ninka farare fiye da sau biyu in aka yi la'akari da yawan kowanne. In horon kansa yana da son kai, to rubuta shi a takarda zai ɗauki son kan ne ya kai shi gaba.

Darasin Alabama Da Na Maiduguri

Tarihin ƙasar kansa ya nuna cewa ba kowace kora ce ke nufin mugun hali ba. A cikin watan Fabrairu na 1960 wasu ɗaliban Kwalejin Jihar Alabama, ta baƙaƙen fata, suka zauna a ɗakin cin abinci na harabar kotu a birnin Montgomery wanda aka keɓe wa farare, suka nemi a sayar musu da abinci. Bisa matsin Gwamna John Patterson aka kori tara daga cikinsu ba tare da an saurare su ba. Ƙarar da suka kai ita ce ta sa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a cikin 1961 cewa makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi sai ta sanar da shi tuhumar, ta kuma ba shi damar kare kansa. Duk da haka sai a cikin 2018, bayan shekara 58, hukumar ilmi ta jihar ta goge wannan horo daga bayanansu. Maganar ba ta tsufa ba, domin kuwa a watan Maris na 2025 Jami'ar Columbia ta ba da sanarwar korar wasu ɗalibai da dakatar da wasu saboda mamaye wani gininta a lokacin zanga-zangar yaƙin Gaza ta 2024. Ko yaya mutum ke kallon waccan zanga-zanga, doka mai faɗi irin ta Teksas, wadda ba ta bambanta laifuffuka, tana iya sa mai zanga-zanga da mai fyaɗe su fito da rubutu iri ɗaya.

Lauyoyin Nijeriya sun san irin wannan tambaya. Bayan tarzomar da aka yi a Jami'ar Maiduguri a cikin 1983, jami'ar ta kori wasu ɗalibai, su kuwa suka kai ƙara. A cikin 1986 Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka fi sani da ta Garba da Jami'ar Maiduguri, ta soke korar. Daga cikin dalilanta akwai cewa Mataimakin Shugaban Jami'ar da ya jagoranci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, sa'an nan laifuffuka irin su ƙone-ƙone da sata na kotu ne ta yi shari'arsu. Batun Amurka kuma ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin a zangon karatu na 2023 zuwa 2024 'yan Nijeriya fiye da 20,000 ne ke karatu a can, adadin da ya fi na kowace ƙasar Afirka. Ga baƙon ɗalibi, izinin zamansa a rataye yake da kasancewarsa cikin rajistar makaranta. In aka dakatar da shi kuma tabon takarda ya hana wata makaranta karɓarsa, abin da ya rage shi ne ya tattara ya koma gida, kuma hukumar da ta biya masa kuɗin karatu za ta karanta wannan layi guda ba tare da sanin abin da ke bayansa ba.

Inda Gizo Ke Saƙa

In aka auna hujjojin ɓangarorin biyu, za a ga cewa wurin da suka fi yin karo shi ne batun ɗalibin da ya janye kafin hukunci. Nan ne ainihin ramin da aka so cikewa, tun da mutumin Bajiniya ba a taɓa kai ƙarshen zargin da aka yi masa a kotu ba a wancan lokaci. Nan ne kuma haɗarin zalunci ya fi yawa, domin rubuta cewa mutum ya tafi da tuhuma a kansa daidai yake da buga masa hatimin zargin da ba wanda ya tabbatar. Ɗalibi yana iya janyewa don ya san ya yi laifi, yana kuma iya janyewa don kuɗi sun ƙare, ko rashin lafiya, ko don zaman makarantar ya gagare shi saboda tsegumi. Bajiniya da Niyok sun zaɓi su rubuta zargin. Teksas ta zaɓi ta tilasta a kammala shari'ar, kuma a wannan gaɓa tata hanyar ta fi kusa da adalci ga kowa: wadda ta kawo ƙara za ta sami amsa, wanda ake tuhuma kuma ko dai a wanke shi ko a same shi da laifi bayan an ba shi damar magana.

Abin da ya dace ke nan shi ne a ɗauki mafi kyawun kowace doka. A taƙaita rubutun ga manyan laifuffukan da ke barazana ga rai da mutuncin wasu, kamar yadda Niyok da Bajiniya suka yi, a bar ƙananan laifuffuka da saɓanin siyasa a fayil ɗin cikin gida. Kada a rubuta kome sai bayan an sanar da ɗalibi tuhumarsa a rubuce, ya ga shaidun da aka kawo, an saurare shi a gaban mutanen da ba su da hannu a rikicin, ya kuma sami damar ɗaukaka ƙara. A sa wa rubutun wa'adi da hanyar neman gogewa, domin yawancin waɗanda abin ya shafa samari ne da 'yan mata masu shekara 18 zuwa 22, kuma ko a kotu akwai laifuffukan da ake shafe wa mutum bayan ya nuna ya shiryu. Jami'ar da ta ga rubutun ita ma akwai nauyi a kanta ta nemi cikakken bayani daga tsohuwar makarantar, ta kuma ji ta bakin mai nema kafin ta yanke shawara.

Jami'ar da ta ɓoye korar mai haɗari ta ci amanar ɗaliban wata makarantar da ba su san kome ba. Wadda kuma ta rubuta hukuncin da ta yanke cikin gaggawa ta sa hatiminta a kan abin da ba za ta iya karewa ba in an ja ta zuwa kotu. Saboda haka duk hukumar da ke tunanin bin sawun waɗannan jihohi uku, a Amurka ko a wani wuri, aikinta na farko yana ɗakin da kwamitin horo ke zama: wa ke zama a ciki, wane horaswa aka ba shi, da wace hujja yake yanke hukunci, kuma wa ke duba aikinsa. Sai an gyara wannan ne rajistara zai iya ɗaukar alƙalami da kwanciyar rai.